Zinariyar Masar a Hannun 'Ya'yan Allah



Ranar 28 ga watan Agusta ce Ikkilisiya take bikin tunawa da Waliyyi Agustin, bishop na Hippo, kwana ɗaya bayan bikin mahaifiyarsa, Waliyya Monika. Mun saba jin labarin hawayen uwar da tuban ɗan. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne dutsen da ya yi tuntuɓe da shi har ya bar bangaskiyar mahaifiyarsa, wato Littafi Mai Tsarki kansa. Da yake har yau 'ya'yanmu suna tuntuɓe a wuri ɗaya, ya kamata mu duba yadda Allah ya tashe shi, da irin kayan aikin da ya mora wajen tashe shi.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. Yana ɗan shekara 19, yana karatu a Kartaj, ƙishin hikima ya kama shi, sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Bai daɗe ba ya rufe, gama a kunnensa harshen littafin bai kai na manyan marubutan Roma daɗi ba. A haka mabiyan Mani suka same shi, suka yi ta jifansa da tambayoyi. In an halicci mutum cikin siffar Allah, ashe ke nan Allah yana da gashi da farce? Ina adalcin kakannin nan masu mata da yawa, masu zub da jini? In Allah nagari ne, daga ina mugunta ta fito? Saurayin ya rasa amsa, ya bi su har shekara tara.

Amsar kuwa tana nan tun kafin a haife shi, an sarrafa ta a birnin Iskandariya na ƙasar Masar. Masana falsafa na Helenawa sun daɗe suna fama da irin wannan matsala a gidansu. Waƙoƙin Homa, waɗanda kowane yaro yake haddacewa a makaranta, cike suke da labarin alloli masu faɗa da ƙarya da zina. Masanan suka ce lalle akwai wata ma'ana a ƙarƙashin labarin, yadda ƙwaya take cikin ɓawo. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk wanda ya ji an ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, ya san ba zancen dutse ake yi ba. Wani Bayahude mai suna Filo, wanda ya yi zamani da Ubangijinmu, ya ɗauki wannan hanya ya karanta littattafan Musa da ita.

A birnin nan ne kuma Falotinus ya yi shekara 11 yana ɗaukar karatu wurin malaminsa Amoniyus, kafin ya tafi Roma ya buɗe makaranta. Shi ne ya sabunta koyarwar Aflatun, wanda Turawa suke kira Plato. Ya koyar cewa tushen kome Ɗaya ne, ba shi da jiki, ba shi da iyaka, kuma aikin ran mutum shi ne ya juya daga abubuwan da ido yake gani ya koma ga tushensa. Bayan rasuwarsa a shekara ta 270, almajirinsa Forfiri ya tattara rubuce-rubucensa guda 54, ya jera su kashi shida, tara tara. Falotinus ba Kirista ba ne. Forfiri kuwa har littattafai 15 ya rubuta na sukar Kiristoci.

Babban malamin Ikkilisiya a Iskandariya shi ne Orijen, wanda aka haifa wajen shekara ta 185. Ya san falsafar Helenawa ciki da bai, ya kuma ƙaunaci harafin Nassi har ya jera Tsohon Alkawari layi shida, na Ibrananci da fassarorin Helenanci, domin ya gwada su kalma da kalma. Ya koyar cewa kamar yadda mutum yake da jiki da rai da ruhu, haka Littafi Mai Tsarki yake. Ya ce wani lokaci Ruhu Mai Tsarki da gangan yake sa abin tuntuɓe a cikin labari, domin mai karatu ya tsaya ya haƙa. Ya kawo misalin kwana uku na farko a Littafin Farawa, masu safiya da maraice, alhali sai a kwana na huɗu aka yi rana da wata.

Forfiri ya zarge shi da cewa dabarar Helenawa ya ara ya ɗora wa littattafan Yahudawa. Akwai gaskiya kaɗan a zargin, amma tushen abin ya girmi makarantar Iskandariya. Ubangiji da kansa, a kan hanyar Imuwasu, ya bi Musa da annabawa yana nuna wa almajirai biyu abin da aka rubuta a kansa. Manzo Bulus, a Galatiyawa sura 4, ya ɗauki Saratu da Hajaratu a matsayin alkawarai biyu, a 1 Korantiyawa sura 10 kuma ya ce dutsen da Isra'ilawa suka sha ruwa daga gare shi Kristi ne. Mabuɗin daga Kristi ya fito. Abin da falsafa ta bayar shi ne horon tunani da kaifin kalmomi. Orijen ya bayyana haka a wasiƙarsa ga almajirinsa Giregori, ya tuna masa yadda Isra'ilawa suka fito daga Masar da zinariya da azurfar Masarawa, aka kuma yi kayan alfarwar sujada da su.

Wannan gado ne ya tarar da Agustin a Milan, inda ya je koyar da fasahar magana a shekara ta 384. Ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambros, da farko don ya auna iya maganarsa kawai. Ambros ya karanta Filo da Orijen da Helenanci, yakan kuma maimaita koyarwar Bulus a 2 Korantiyawa 3:6 game da harafi da Ruhu. A hankali ayoyin da Agustin yake yi wa dariya suka fara buɗewa. Ya gane cewa Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa Allah yana da gaɓoɓi irin namu ba. A shekara ta 386 kuma littattafan mabiyan Aflatun, waɗanda Mariyus Biktorinus ya juya zuwa Latin, suka shigo hannunsa. Su suka koya masa cewa abu yana iya kasancewa na gaskiya ba tare da jiki ba, kuma mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, rashin nagarta ce, kamar yadda duhu yake rashin haske. Da wannan, tambayoyin mabiyan Mani suka rasa ƙarfinsu.

Sai dai mu lura da abin da ya shaida daga baya a littafinsa na Furci. A littattafan nan ya sami abin da ya yi kama da farkon Bisharar Yohanna, game da Kalma madawwami wanda ta wurinsa aka yi kome. Amma bai sami zaman Kalman nan mutum ba, bai sami komin dabbobi ba, bai sami gicciye ba, bai sami hawayen tuba ba. Masanan sun hango garin daga kan tudu, amma ba su san hanyar shiga ba, gama hanyar tawali'un Kristi ce. Sai da ya koma ga wasiƙun Bulus ya same ta, Ambros kuma ya yi masa baftisma a daren Ista na shekara ta 387.

Zinariya tana da haɗari. Mutanen da suka ba da ita domin alfarwa, su ne kuma suka tuɓe 'yan kunne aka yi musu ɗan maraƙi a gindin Sinai. Orijen kansa ya bi wasu ra'ayoyin Aflatun fiye da kima, kamar cewa rayukan mutane sun kasance tun kafin a haife su, Ikkilisiya kuwa ta ƙi wannan koyarwa. Malaman Antakiya, cikinsu har da Waliyyi Yohanna Mai Bakin Zinariya, suka riƙe cewa dole a girmama abin da ya faru a tarihi da abin da marubuci ya nufa, kada mai wa'azi ya mai da aya abin da ya ga dama. Ikkilisiya ta riƙe hannu biyun. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardar Dei Verbum ta shekara ta 1965, ta umarce mu mu binciki nufin marubuci da irin rubutun da ya yi, mu kuma karanta cikin Ruhun da aka rubuta da shi. Katikisma ta shekara ta 1992 ta ambaci ma'ana ta sarari da ma'ana ta ruhaniya, ta ce a kan ta sarari ake gina sauran.

Agustin ya bar mana ma'auni mai sauƙin riƙewa a littafinsa kan koyarwar Kirista. Duk fassarar da ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, mai ita bai fahimci Nassi ba tukuna. Mu gwada wannan ma'auni a inda ya fi yi mana wuya. A lokacin tashin hankali, zuciya mai ciwo takan nemi yaƙe-yaƙen Joshuwa ko ƙarshen Zabura 137 don ta halatta ramuwa. Orijen ya yi wa jama'arsa wa'azi cewa Kan'aniyawan da aka umarci Kirista ya hallaka su ne fushi da girman kai da mugun sha'awa da ke cikinsa. Agustin ya ce jariran Babila na zaburar nan miyagun tunani ne tun suna ƙanana, dutsen da za a fyaɗa su a kai kuwa Kristi ne. Wanda ya ɗauki ayar ya wasa wuƙa da ita, ɗan maraƙi ya ƙera.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in ɗanku ya dawo daga makaranta da tambaya mai nauyi game da kwanakin halitta ko wata aya mai wuya, kada ku rufe masa baki da tsawa. Agustin ya gargaɗi Kiristoci kada su yi ta faɗin shirme game da sama da ƙasa da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin, don kada a raina Littafin saboda mu. Ku kai yaron wurin Fada ko katikis, ku zauna tare. Ɗalibanmu kuma, ku nemi ilimi ba tare da tsoro ba, gama kowace gaskiya, ko a bakin wa aka same ta, ta Ubangiji ce, amma ku kawo ta gaban bagade ku auna. Katikis da shugabannin zumunta, ku fara da abin da ayar ta faɗa a sarari, ku duba ta tare da sauran Nassi da bangaskiyar Ikkilisiya, sa'an nan ku tambayi inda take nuna Kristi. Mutumin Habasha ma, da littafin Ishaya a hannunsa, sai da Filibus ya hau karusarsa ya zauna kusa da shi kafin ya gane.

Allah, wanda ya buɗe zuciyar bawansa Agustin, ya buɗe namu, ya sa karatunmu ya haifi ƙauna. Waliyyi Agustin da Waliyya Monika, ku yi addu'a dominmu. Amin.