Mustafa Akkad: Shin Aiki Nagari Yana Wanke Hanyar Samun Kuɗi?



Ya 'yan'uwa matasa, da yawanku kun kalli fim ɗin nan Ar-Risala, wanda ya ba da tarihin farkon Musulunci. Wanda ya shirya shi sunansa Mustafa Akkad, mutumin Halab a ƙasar Siriya, an haife shi a 1930, ya tafi Amurka ya koyi sana'ar fim. A 1976 ya fitar da shi da Larabci da Turanci. Bai nuna Annabi ba, bai sa an ji muryarsa ba. Malaman Azhar sun duba rubutun labarin sun amince, amma Rabiɗa ta Makka ta ƙi. A 1981 kuma ya yi fim ɗin Umar Mukhtar, malamin da ya yaƙi Italiyawa a Libiya har suka rataye shi a 1931. Italiya ta hana nuna shi. Wannan aiki ne babba, wanda ya musa bai yi adalci ba.

To, amma ga abin da ba a cika faɗa muku ba. Wannan mutumin dai shi ya zuba kuɗi a fim ɗin tsoro mai suna Halloween a 1978, labarin wani mai rufe fuska yana bin matasa da wuƙa yana yankawa, ga kuma tsiraici. An kashe kamar dala 300,000, aka samu miliyoyi. Ya ci gaba da su har guda 8.

Wani zai ce, ai ba komai, da irin wannan ribar ake samun ƙarfin yi wa addini hidima. Maganar nan muna jin ta kullum a bakin samari: bari in tara tukuna, ko ta wace hanya, daga baya na gina masallaci. To, ku duba lissafin. Fim ɗin Umar Mukhtar gwamnatin Libiya ce ta biya kuɗinsa, kuma bai mayar da su ba. Daga 1981 har mutuwarsa, shekara 24, Akkad bai sake fitar da fim ɗin tarihin Musulunci ko ɗaya ba, alhali na tsoron suna ta fitowa. Hanyar da ke kawo kuɗi ita ke cin lokacin mutum, wancan "daga baya" kuwa sai ya yi ta matsawa gaba. Mu a ganinmu Ar-Risala ba ta halatta Halloween ba, haka Halloween ba ta goge Ar-Risala ba. Aya ta 102 a Suratut Tauba ta yi magana a kan masu gauraya aiki irin wannan, ku je ku karanta tafsirinta. Makomarsa kuwa tana wurin Allah, ba a hannunmu take ba.

Masu gaggawar yanke hukunci su ma su ji. A 1977 wasu 'yan bindiga sun tsare mutane sama da 100 a Washington, cikin buƙatunsu har da hana nuna Ar-Risala, bisa zaton an nuna Annabi a ciki, alhali ba a nuna ba. A Nuwamban 2005 kuma 'yan Alƙa'ida suka tayar da bam a wani otal a Amman, 'yarsa ta mutu nan take, shi ya cika bayan kwana biyu. Wannan zubar da jini ne na haram, ba shi da wani suna. Allah Ya jiƙan su. Ya rasu yana neman kuɗin da zai yi fim ɗin Salahuddin Ayyubi, bai yi shi ba.