Injin Yankan Ganye da Hakkin Ma'aikaci

A kwarin Salinas, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, ake noma kaso mai yawa na salak ɗin da Amurkawa suke ci. Girbin alkama da masara ya daɗe da komawa hannun inji a ƙasar, amma ganye ya yi gardama. Salak mai dunƙulallen kai ba ya nuna a lokaci guda, in kuma aka matse shi sai ya lalace. Saboda haka har yau mutane ne suke yanka akasarinsa da wuƙa, yawancinsu 'yan ci-rani daga Meziko, a sunkuye tun asuba.

Sai dai abin yana sauyawa. Ƙananan ganye, irin alayyafon Turawa, inji ne yake aske su da dogon zarto. Akwai ma injin da yake yanke wani irin salak da tsinin ruwa mai ƙarfi. To, daidai ne a karɓe aikin daga hannun talaka a ba ƙarfe?

Mai saurin cewa a'a ya fara tuna irin aikin. A gonakin nan an yi shekaru ana tilasta wa ma'aikata noma da gajeriyar fartanya wadda take lalata musu baya, sai a 1975 jihar ta hana amfani da ita. Yana da sauƙi mu yabi aikin hannu muna zaune a inuwa. A ganina, injin da ya miƙar da bayan mutum bai yi laifi ba.

Amma labarin tumatir yana sa mutum ya dakata. Da aka rufe shirin shigo da ma'aikata daga Meziko a 1964, manoman Kalifoniya suka rungumi injin girbi da masanan Jami'ar Kalifoniya suka ƙirƙiro, tare da irin tumatir mai tauri wanda aka samar domin ya jure shi. Injin yana da tsada, sai mai babbar gona yake iya saye. Cikin kimanin shekara goma, masu noman tumatir na gwangwani suka ragu daga wajen 4,000 zuwa wajen 600, dubban masu tsinka kuma suka rasa aiki. A 1979 lauyoyin ma'aikatan gona suka kai jami'ar ƙara, suna cewa an yi binciken da kuɗin jama'a, amfaninsa kuwa ya tafi ga manya. Sun yi nasara da fari, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Nan ne nauyin maganar yake. Ribar ta shiga aljihun mai gona da na mai saye a kasuwa, asarar kuma ta sauka kan wanda ba a nemi shawararsa ba. Dokar da ke cikin Littafin Firistoci sura 19 ba ta hana mai gona girbi ba, ta hana shi kwashe komai ƙarƙaf, domin matalauci da baƙo su sami kala. Ta haka Rut ta ci abinci a gonar Bo'aza. Ba wanda zai yi kala a bayan injin alayyafo, gama ganye ba ya kwana. Rabon baƙo a Salinas sai dai ya fito ta wata hanya: a koya masa tuƙa injin da gyaransa, a biya shi ladan da ya fi na wuƙa, wanda kuma ƙarfinsa ya ƙare a gonar a sallame shi da abin riƙewa. Kowanne cikin waɗannan yana rage ribar da ta sa aka sayi injin tun farko, shi ya sa da wuya mai gona ya yi su in ba doka ko lamiri ya matsa masa ba.