Mabuɗi Ya Buɗe, Amma Wa Ya Ba Da Izini?

 

Tun da aka rufe mahaƙar Cominak ta Akokan ranar 31 ga Maris 2021, hannu ya ƙara ƙuntata a Arlit, kowa na neman inda zai rage kashe kuɗi. Mai shagon buga takardu, ko ɗalibi, ko almajirin da ke riƙe da kwamfutar zawiya, sai ya ci karo da talla a WhatsApp: mabuɗin Windows ko Office, haruffa da lambobi 25, a kan 'yan jikkuna, alhali farashinsa na gaskiya ya ninka haka sau da yawa. Ya biya, ya shigar, manhaja ta buɗe. To ina laifi?

Abin da ake saye a wurin kamfani lasisi ne, wato izinin amfani. Lambar shaida ce kawai. Da yawa daga cikin masu arhar nan an ciro su ne daga lasisin da aka ba wata ma'aikata ko makaranta don mutanenta, wasu an saye su da katin banki na sata, wasu kuwa lamba ɗaya ce aka sayar wa mutane barkatai. Ranar da kamfani ya gano sai ya toshe ta, mai talla kuma ya sauya lambar waya.

Ɗan ɗariƙa bai kamata wannan ya rikita shi ba. Lafuzzan wuridi suna cikin littattafai, duk mai ido zai karanta. Duk da haka muridi yakan yi tattaki zuwa ga muƙaddami, ya tambayi daga wa ya karɓa, shi ma wancan daga wa, har silsila ta tuƙe. Wanda ya ba da izinin da ba shi da shi, bai ba da komai ba, ko da bakinsa ya faɗi lafazin daidai. Abin mamaki ne mutum ya tsananta bincike haka a kan wuridinsa, sannan ya kau da kai ga na'urar da yake neman abincin iyalinsa da ita.

Mutanen Arlit kuma sun san tsadar arha. A shekarar 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man, sun tarar da ƙarafa masu ɗauke da gubar yuraniyom a kasuwar garin. Ƙarfe ne mai kyau a ido, ba wari ba alama. Tambaya guda ce za ta iya kare mai saye: daga ina ya fito? Haka wasu 'yan manhajojin da ake haɗawa da mabuɗin bogi suke, suna buɗe Office, suna kuma kwashe lambobin sirri a ɓoye. Idan kwamfutar na ɗauke da takardun abokan ciniki ko sunayen 'yan'uwa, amanar wasu ce aka jefa cikin haɗari.

Wani zai ce kamfanin ya fi ƙarfin asara, talakan Arlit kuwa ba zai iya farashin Amurka ba. Kukan tsada gaskiya ne. Sai dai dukiyar mai haƙƙi ba ta halatta haƙƙinsa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a. Lalura ma tana da wuyar kafawa a nan, tunda ga LibreOffice da Linux, waɗanda masu su suka bayar kyauta da yardarsu, kuma suna buga wasiƙa da lissafi.

Wanda ya saya bai sani ba, an zalunce shi ne, ba a kama shi da laifin ɓarawo. Amma wanda ya ga farashin, zuciyarsa ta yi ɗar, ya ƙi tambaya don tsoron amsar da zai ji, wannan yana kiwo ne a gefen makiyayar da aka killace, kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya siffanta mai wasa da shubuha. Idan ya sayar wa wani kwamfutar, wajibi ne ya faɗa masa asalin mabuɗin da ke cikinta.