Hukuncin Mai Sana'ar Zane Da Ya Ziyarci Sassaƙen Dutse Na Ƙasar Indiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin ɗalibai Musulmi da ke zuwa ƙasar Indiya neman ilmi akwai masu koyon zane da tsara gine-gine, kuma akan kai su tsoffin wuraren tarihi don su ga aikin mutanen da. A nan ne zuciyar mai imani takan shiga ruɗu, domin abin da ya fi ƙayatarwa a wuraren nan gumakan Hindu ne. Ya tsaya ya yaba, ko kuwa ya kau da kai ya wuce?

A Ellora, cikin jihar Maharashtra, akwai koguna 34 da aka fafe a jikin tsauni. Na 16 shi ake kira Kailasa, ɗakin bauta ne na Shiba wanda ake danganta wa Sarki Krishna na ɗaya, a ƙarni na 8 na Miladiyya. Ba a ɗora dutse kan dutse ba wajen yin sa. Daga saman tsauni masassaƙa suka faro, suna sara suna gangarowa, har rufi da ginshiƙai da giwaye suka fito daga dutse guda. Sara ɗaya in ya kauce, ba shi da gyara. Duk wanda ya taɓa riƙe guduma ya san wannan ba aikin wasa ba ne.

Alƙur'ani Mai girma ya yi umurni da tafiya cikin ƙasa don a ga yadda ƙarshen magabata ya kasance, kamar yadda ya zo a aya ta 42 ta Suratur Rum. Amma Sunna ta koyar da ladabin wannan kallo. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar Tabuka, Manzon Allah ya bi ta Hijr, garin Samudawa masu sassaƙa gidaje a cikin duwatsu, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka. Malamai sun ce wannan ya shafi wuraren da azaba ta sauka. To, duk da haka, ya nuna cewa Musulmi ba ya shiga kufan mutanen da kamar mai zuwa dandali.

Matsalar ta fi tsanani a mazhabar Malikiyya, kuma bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. Shehu Ahmad Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya bayyana a sharhinsa na Muhtasar cewa haramun ne a sassaƙa siffar abu mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, har ya ƙara da cewa kallonta ma haramun ne. Siffar itatuwa da furanni kuwa ba laifi. Wasu malamai na bayansa sun sassauta ga mai kallon nazari da ɗaukar izina, suna kafa hujja da cewa sahabbai sun ci Masar a ƙarƙashin Amru ɗan Asi, kuma gumakan Fir'aunoni na nan har yau. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi, muddin kallon bai koma girmamawa ba.

Abu Raihan Albiruni misali ne mai kyau. Ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, ya yaba wa Hindu kan tafkunan da suke ginawa da matakalar dutse, har ya nuna cewa mutanensa ba su iya irinsu ba. Yabon bai taɓa tauhidinsa ba, domin gwanintar hannu ya yaba, ita kuwa baiwa ce daga Allah, Yana ba wanda ya yi imani da wanda bai yi ba.

Saboda haka mai ziyara ya kiyaye. Kada ya rusuna wa gunki ko da don a ce ya san ladabi, kada ya karɓi abincin da aka miƙa masa hadaya, kada ya yarda a shafa masa alamar bauta a goshi. A Khajuraho, inda wasu bangaye ke ɗauke da siffofin tsiraici, runtse ido wajibi ne, kuma sunan sana'a ba ya halatta shi. Haka nan kada ya yi izgili a gaban masu wurin, domin aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu.

Saura abin da zai kawo cikin sana'arsa. Masallacin Ƙuwwatul Islam na Delhi, wanda Ƙuɗubuddin Aibak ya fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 12, tarihinsa na da ɗaci ga Hindu, don da ginshiƙan ɗakunan bautarsu aka tayar da shi. Amma a jikin bakunan gininsa masassaƙan ƙasar sun zana ayoyin Alƙur'ani, suka kewaye su da rassa masu laushi da furanni irin waɗanda suka saba sassaƙawa tun kaka da kakanni. Wannan ɓangare na fasaharsu, watau rassa da furanni da daidaita ginshiƙi da sanin jijiyar dutse, ɗalibi na iya zana shi a littafinsa ya koya, ya yi aiki da shi a bangon masallaci ko na gida. Siffar Shiba kuwa ya bar ta a inda ya same ta. Wallahu a'alamu.