Labarin Wa Ne, Na Mai Rubutu Ko Na Mai Kallo?

A farkon shekarar 1968 wasiƙu suka yi ta kwarara ofishin gidan talabijin na NBC a Amurka. Labari ya bazu cewa za a dakatar da Star Trek, fim mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a 1966. Labari ne na wani jirgin sama jannati mai suna Enterprise da ma'aikatansa, masu yawo daga wannan duniya zuwa waccan. Wata mata mai suna Bjo Trimble ita da mijinta John suka tsaya kai da fata, suka zuga masoya fim ɗin kowa ya ɗauki alƙalami. Da abin ya ishi NBC, sai ta sanar a kan allo cewa fim zai ci gaba. Aka ƙara zango ɗaya, sannan aka rufe shi a 1969 yana da kashi 79.

Tun daga ranar masu kallo suka gane cewa bakinsu yana da nauyi. Mu ma da muke wannan rubutu 'yan kallo ne, kuma mun san halinmu. Ba mu tsaya ga roƙon a bar mana fim da rai ba. Mun wuce zuwa ga cewa a kashe wane, a dawo da wance, a rage wa wannan surutu, a haɗa waɗancan biyun aure. Wanda ya taɓa leƙa ƙasan kashi ɗaya na Labarina a YouTube ya karanta abin da jama'a ke rubutawa, ba ya bukatar a yi masa bayani. Tambayar ita ce: shin son da muke wa labari yana ba mu iko a kansa? In yana ba mu, iyakarsa ina?

Mu fara da abin da ke gefenmu, don ba mu da niyyar wulaƙanta kanmu. Wanda ya shekara bakwai yana zama gaban allo duk mako ya ba da abin da ba ya dawowa, wato lokacinsa. Ya san mutanen labarin, wani lokaci fiye da sabon marubucin da aka ɗauko jiya. Idan aka sa jarumi ya aikata abin da ya saɓa wa halinsa don kawai labari ya samu hanyar wucewa, shi ne na farkon da zai ji a jikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai kallo irin wannan ya daɗe a ɗakin. A ce masa ya yi shiru ya karɓi abin da aka ba shi, raini ne.

Amma mu dubi irin gyaran da muke nema. A 1982 aka fitar da fim na biyu na Star Trek a silima, wanda a ƙarshensa Spock, mai tsinin kunnen nan da ba ya dariya, ya sadaukar da ransa don ya ceci jirgi. Sirrin ya fita tun kafin a gama aiki, masoya suka yi ca, suna cewa ba su yarda ba. Me suka ƙi? Ba su ga fim ɗin ba balle su ce an rubuta mutuwar da kasala. Zafin rashi suka ƙi. Yau kuwa da wuya ka sami masoyin Star Trek da ba ya sa wannan mutuwa cikin abubuwa mafi kyau da aka taɓa yi a tarihin fim ɗin. Da an bi tamu, da mun hana kanmu abin da muka fi alfahari da shi. An dawo da Spock a 1984, gaskiya ne, amma marubutan ba su bayar da shi kyauta ba. Kafin Kyaftin Kirk ya sake ganin amininsa sai da ya rasa ɗansa na cikinsa, ya kuma tarwatsa jirginsa da hannunsa.

A nan muke ganin bakin zaren. Yawancin shawarwarinmu ba su da farashi. Muna so a dawo da mamaci ba tare da an biya komai ba, a kankare aibin jarumi ba tare da ya sha wahalar tuba ba, a kawar da wanda ya gundure mu kamar yadda ake share ƙura. Shi marubuci ba shi da wannan gatan. Duk zaren da ya ja a wuri ɗaya sai ya tattare a wani wuri, kuma shi za a tuhuma. Mu kan ba da umarni mu tafi mu kwanta.

Wani lokaci ma farashin a kan mutum mai jini da tsoka yake faɗawa. Da aka farfaɗo da fim ɗin a 1987 da sunan Star Trek: The Next Generation, an sa wani yaro haziƙi a cikin jirgi, Wesley Crusher, wanda marubuta suka riƙa ɗora wa warware matsalolin da suka gagari manya. Ƙorafin masu kallo yana da tushe, domin an yi rubutun da son kai, an mai da ƙwararrun hafsoshi sakarkaru don yaro ya haskaka. Sai dai ƙorafin bai tsaya a kan rubutu ba. Ya zama raha a tarukan masoya a riƙa lissafa hanyoyin da za a bi a halaka Wesley. Wanda ya fito a matsayin Wesley kuwa, Wil Wheaton, shekararsa 15 lokacin da aka fara nuna fim ɗin. Ba shi ya rubuta ko layi ɗaya ba. Bayan ya girma ya yi ta bayyana yadda wannan ƙiyayya ta taɓa shi. Manyan mutane masu aiki da iyali, waɗanda ke cewa suna son fim ɗin ne saboda yana koyar da mutunta baƙon halitta daga wata duniya, sun kasa mutunta yaro ɗan duniyarsu. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muka san yadda 'yan wasanmu masu fitowa a mugaye ke shan zagi a kasuwa.

To sai mu ɗinke baki? A'a. Akwai wata hanya, kuma a wannan fim ɗin aka gwada ta. Michael Piller, wanda ya karɓi ragamar marubuta a 1989, ya buɗe ƙofar da gidajen talabijin ba su saba buɗewa ba: duk mai ganin ya iya, ko da ba shi da wakili ba shi da suna, ya rubuta cikakken kashi ya aiko, za a karanta. Ka ga an mayar da magana inda ta dace. Ba a tambayi abin da kake so ya faru ba. An ce ka zauna ka gina shi tun daga farko har ƙarshe, ka ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

Daga cikin tarin takardun nan aka sami tushen kashin da ake kira “Yesterday's Enterprise”, wanda aka nuna a 1990. Shekara biyu kafin nan an kashe Tasha Yar, shugabar tsaron jirgi, kisan gaggawa marar ma'ana, saboda 'yar wasan, Denise Crosby, ta nemi tafiya. Masu kallo sun ji haushi, kuma suna da gaskiya. Gyara mai arha shi ne a ce ashe ba ta mutu ba. Abin da aka yi daban ne. Wani tsohon jirgi ya faɗo daga zamanin da ya wuce, tarihi ya karkace, sai ga Tasha da ranta, amma a cikin duniyar da yaƙi ya kusa cinyewa. Da ta gane cewa a asalin tarihi ta mutu mutuwar banza, sai ta nemi izinin bin tsohon jirgin ya koma fagen da kowa ya san da wuya a fita da rai. An amsa kukan masu kallo, amma ba a raba su da zafi ba. An dai ba zafin ma'ana. Wanda ya aiko da rubutun farko, Trent Christopher Ganino, ba ma'aikacin gidan ba ne, kuma sai da rubutun nasa ya bi ta hannaye da yawa aka sassaƙe shi kafin ya kai allo. Wannan ma yana cikin farashin: ka yarda a gyara gyaranka.

Wani zai ce ai ba kowa ke iya rubuta fim ba, kuma ba sai mutum ya iya girki zai san gishiri ya yi yawa ba. Mun yarda. Faɗin gishiri ya yi yawa haƙƙin mai ci ne. Abin da muke tantama a kansa shi ne shiga madafa a ƙwace ludayi, a zagi mai girki, sannan idan miya ta lalace a ce ba ruwanmu. Muna kuma zargin cewa al'adar ba ta tsayawa a gaban allo. Wanda ya saba neman a share masa duk wanda ya gundure shi a labari, yaya zai yi da ƙanensa mai rawar kai ko maƙwabcinsa mai surutu, waɗanda babu marubucin da zai cire masa su?

A tarin takardun nan dai Piller ya tsinci rubutun wani saurayi masoyin Star Trek tun yana yaro, Ronald D. Moore, ya saya, daga baya ya ɗauke shi aiki. Moore ya yi shekaru yana rubuta wa fim ɗin da ya girma yana kallo. A 2003 ya sabunta wani tsohon fim na 1978, Battlestar Galactica, ya ga cewa matuƙin jirgin yaƙin nan Starbuck, wanda namiji ne a da, zai fi armashi idan mace ce. Ya ba Katee Sackhoff matsayin. Tun kafin a nuna ko minti ɗaya tsofaffin masoya suka taso masa, suna cewa ya ɓata musu abinsu, suna jera masa yadda ya kamata ya yi.