Ka Sayi Saniya, Nono Kuma Sai Ka Biya Duk Wata?

A shekarar 2022 labari ya bazu cewa kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fara karɓar kuɗi duk wata daga masu motocinsa kafin kujerar mota ta yi musu ɗumi lokacin sanyi. A Koriya ta Kudu kusan dala 18 ake biya a wata, a Ingila kuwa fam 15. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, wayoyin da ke ɗumama kujerar suna nan a cikinta tun daga masana'anta. Babu bakaniken da zai zo ya ƙara ko ƙusa. Ka biya, a aiko da umarni ta intanet, kujera ta yi ɗumi. Wata ya ƙare ba ka biya ba, ta koma sanyi ƙalau. Da surutu ya yi yawa, a watan Satumba na 2023 kamfanin ya ce ya daina.

Sai dai dabarar ba ta mutu ba. A Amurka, tun a 2022 Mercedes-Benz ya sanar da kuɗin dala 1,200 a shekara ga mai son wasu motocinsa masu aiki da lantarki su ƙara saurin tashi, alhali injin shi ne dai wanda aka sayar masa. A 2025 Volkswagen ya yi irin haka a Ingila da motarsa ID.3, fam 16.50 a wata kafin a sake maka cikakken ƙarfin injinka.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? A zafin Legas wa ke neman kujera mai ɗumi? Gaskiya ne, mu sanyi muke nema. Amma motar da ake tuƙawa yau a Jamus ko Amurka, ita ce nan da wasu shekaru za a sauke a Tin Can ko Kwatano, a jera ta a Berger da sunan tokunbo. Mu ne direbobinta, mu ne dillalanta, mu ne za mu kai ta Arewa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Tambayar da ke gabanmu kuma ta girmi mota: idan mutum ya biya kuɗin abu ya karɓa, me ya mallaka?

Mu da muka tashi a kasuwa mun san amsa. A Alaba Rago idan aka yi ciniki aka ce an sallama, kuɗi suka shiga hannu, to rago ya fita daga hannun mai shi da fatarsa da ƙahonsa da kayan cikinsa. A ce wani ya sayar maka da saniya, kai ke sayen dusa da harawa, kai ke kiran likitan dabbobi, sannan ya ce duk ranar da za ka tatsi nono sai ka aiko masa da wani abu. Wallahi ko yaro ya san wannan ciniki da sauran magana. Haka kujerar nan take. Batirinka ne ke ba ta wuta, manka ne ke ƙonewa, in waya ta tsinke kai za ka gyara. To kuɗin me kamfani ke karɓa? Kuɗin ya cire hannunsa daga kan kayanka kawai.

Kada mu yi wa kamfanonin rashin adalci, suna da hujjarsu. Sun ce ƙera motoci duk iri ɗaya ya fi sauƙi da araha a kan a yi wa kowa tasa daban. Sun ce wanda ba ya son ɗumin kujera ba a tilasta masa ba, mai so kuma yana iya biyan na watannin hunturu kaɗai, kuma wanda ya sayi motar daga baya yana iya buɗe abin da na farko ya bari. Sannan sun ce mai saye ya karanta sharaɗi ya sa hannu, ciniki kuwa da yarda ake yinsa.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba kowane biyan wata-wata ne zalunci ba. Muna sayen katin DStv, muna sa data a waya, muna loda mitar wuta, ba mu ce an cuce mu don an karɓi kuɗi ba, in dai abin ya zo. Dalili kuwa, can akwai wanda ke aiki kullum don abin ya iso gare mu. Haka idan kamfanin mota yana aiko maka da taswirar hanya da labarin cunkoso kowace safiya, ya yi hidima, ya ci ladansa. A nan ma'aunin yake: duk wata da aka karɓi kuɗinka, an yi maka sabon aiki a cikinsa, ko kuwa ƙofar da aka kulle da gangan ake buɗe maka? Na farko haya ce ta halal. Na biyu kuwa, kuɗin wayoyin da injin tuni suna cikin farashin motar, tun da babu kamfanin da ke raba ƙarfe sadaka. An sayar maka, an kuma dawo ana ba ka hayar abin da ka saya.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba saye da haya. Saye yana mayar da abu kansa mallakinka, haya kuwa amfaninsa kaɗai take ba ka zuwa wani lokaci. A mazhabar Malikiyya ana koyar da cewa sharaɗin da ya ci karo da manufar ciniki, kamar a sayar maka da abu a ce ba ka da ikon sayar da shi ga kowa, yana ɓata cinikin. Fatawa kan motocin nan aikin malamai ne, amma hikimar a fili take: mai sayarwa ba ya riƙe igiya bayan ya karɓi kuɗi.

Mu mazauna Kudu kuma mun san ɗacin wannan igiya fiye da Bature. Mutum ya sayi fili ya biya cif, ya zo zuba harsashi sai ga omo onile, kawo kuɗi. Ya kai linta, kawo kuɗi. Ya zo rufi, kawo kuɗi. Abin ya kai ga a 2016 gwamnatin Jihar Legas ta yi doka a kansa. Ba sabon abu suke sayar maka ba, damar amfani da naka suke sayar maka. Bambancin kawai, su da sanduna suke zuwa, kamfani kuwa da kwamfuta, daga ofis mai sanyi.

Akwai wani abu da ya faru a 2017 da ya kamata mu tsaya a kansa. Lokacin da guguwar Irma ta doso jihar Florida ta Amurka, mutane suna gudun ceton rai, kamfanin Tesla ya buɗe wa wasu masu motocinsa ragowar batirinsu daga nesa, na ɗan lokaci. Motocin suna ɗauke da batir mai ƙarfin 75 a ma'aunin lantarki, amma an kulle shi a 60 saboda na 60 suka biya. An yaba wa kamfanin, kuma ya cancanci yabo. Amma a dubi ɗaya gefen. Ranar tsananin buƙata, nisan da mutum zai iya kaiwa da iyalinsa a motar da ya saya ya rataya ne a kan tausayin wani. Hannun da ya buɗe yana iya rufewa. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da takardar saye tana aljihunka.

Batun yarda kuma, yarda sai da sani. Baturen da ya sa hannu ya karanta. Shi kuwa Alhajin da zai sayi motar a hannu na uku a Berger, ya ga maɓalli a jikinta, ya ɗauka yana aiki, ya biya a kan haka. Sai daga baya ya gane maɓallin na jiran dala duk wata, ga yadda canji yake. Ya kai ta gareji, bakanike ya ce shi inji ya sani, wannan kuwa a can aka kulle. Ko ya zagaye Ladipo kaf ba zai samu abin saye ba, don babu abin da ya lalace.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Ba mu da ikon canza dokar Jamus, amma muna da iko da bakinmu. Dillalin da ya san wani abu a mota kulle yake, ya yi shiru don la'adarsa ta fito, ya ɓoye aibi ke nan, kuma ya san hukuncin wannan tun yana makarantar allo. Mai saye shi ma ya koyi sabuwar tambaya. Bayan ta inji da giya da takardun kwastan, ya ƙara da: duk abin da ke jikinta yana aiki, ko akwai mai jiran biya? A gwada kowane maɓalli a gabansa kafin a ƙirga kuɗi.

Sannan mu dubi namu gidajen da shagunan. Mai gidan da ya karɓi kuɗin hayar shekara, ya kulle famfo ya ce ruwa sai an ƙara wani abu, alhali ba a faɗi haka ranar ciniki ba, shi da kamfanin nan sana'arsu ɗaya. Kakanninmu sun zo garuruwan nan da goro da shanu, ba su da takarda ba su da lauya, aka amince musu saboda in sun ce sun sallama, to sun sallama. Wannan shi ne jarin da suka bar mana. Allah ya ba mu ikon riƙe shi.