Dokar da Ta Tsaya a Bakin Iyaka

A Amurka, 7 ga Afrilu rana ce da mashaya ke yi wa giya biki. Ranar ce a 1933 aka sake halatta musu ita, bayan haramcin da ya soma a 1920. A tsawon shekarun nan ba su bar sha ba, cinikin ne kawai ya koma hannun ƴan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Chicago. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarje wa mutum ya dafa tasa a gida. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, ba na kuma taya su murna. Amma labarinsu yana damuna, don mu mutanen Gaya mun ga ƙanensa.

Garinmu yana tsakanin ƙasa uku. Ka haye kogi kana Malanbil ta Benin, ka yi gabas kaɗan kana Kamba ta jihar Kebbi. Na yi ƙuruciyata ina cike wa direbobin Kwatano takardun duwan a bakin gada, don haka na san abin da ke shiga da abin da ke fita. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kebbi ta bi sahu a 2000, wallahi na yi farin ciki. Ba a jima ba muka fara ganin baƙin fuskoki da yammacin Asabar, sun taso daga gabas, su zauna su sha Bière Niger mai hoton raƙumin dawa ko La Béninoise, da safe su koma gida. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Tun 2023 ma da aka toshe gadar, kwale-kwale bai huta ba.

Ban ce dokar banza ce ba. Yaron da ya tashi a unguwar da babu mashaya ya tsira da abu mai yawa, matar da kuɗin cefanenta ya daina ƙarewa a kwalba ita ce shaida. Tambayata ita ce: me ya sa aka bar giya a Madina ba da ɗan sanda ba, Amurka kuwa da duk ƙarfinta ta sallama?

Malamanmu sun karantar da mu cewa haramcin bai sauka dare ɗaya ba. A Suratul Baƙara aka nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, wanda kuwa ke salla biyar a rana, ina ya ga lokacin sha? Sai a Suratul Ma'ida aka yanke hukunci. Anas ɗan Malik yana cikin zuba wa baƙi a gidan Abu Ɗalha mai shela ya wuce, nan take aka kwarar da ita a titi. Babu wanda ya nemi hanyar wani gari. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana dalili: an fara cika zukata da zancen aljanna da wuta kafin a zo ga halal da haram, da an soma da hani da mutane sun ƙi. Mu kuwa mun ɗauki matakin ƙarshe, mun tsallake shekarun tarbiyyar da suka haife shi. Shi ya sa wanda aka raba da kwalba ya koma wa tramadol da kodin, har Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018.

Akwai kuma maƙwabta. Matar da ke jiƙa dawa a arewacin Benin, ta bari ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa burkutu, sana'ar kakarta take yi, addininta bai hana ta ba. Ba ni da hurumin fasa mata tukunya. A Nuwamban 2000 an ƙona mashaya a Maraɗi, ban ji wanda wutar ta sa ya tuba ba.

Wanda ke kan wuyana shi ne ɗan'uwana Musulmi mai sha. Bukhari ya kawo labarin wani sahabi da aka sha yi wa bulala kan giya. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a kore shi daga jama'a ba. Mu a nan sunan ɗan giya muke liƙa wa mutum, mu daina amsa sallamarsa, shi kuma ya daina zuwa masallaci don kunya.

Ina roƙon limamanmu, Allah Ya gafarta musu, su riƙa kawo labarin sahabin nan a huɗuba. Wani cikinsu kuma ya daure ya gangara bakin kogi, inda samari masu lodin kwale-kwale ke zama bayan la'asar, domin yawancinsu ba sa jin huɗubar.